Ɗakin 'Yar Tsana a Ƙasar Tunguma

Da zarar an gama yankan hatsi a Arewa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai kara ya zama na kowa. Manya su ɗiba su yi darni, su tara wa dabbobi, abin da ya rage kuwa rabon yara ne. Daga Matankari zuwa Kore Mairuwa, daga unguwannin Dogon Dutsi zuwa ƙauyukan Tibiri, lokacin ne ƙananan gine-gine ke tsirowa a gindin katanga da bayan rumbu. Yarinya 'yar shekara shida ko bakwai ta kwaɓa laka, ta ja bango mai tsawon taƙi ɗaya, ta jera sillen kara a sama ya zama rufi. Wadda ta yi sa'ar samun kwalin sabulu ko na taliya a wurin mai tebur ta huta da kwaɓi: a yanke ƙofa, a huda taga, a rataya ƙyallen da aka tsinto a shagon tela ya zama labule. Gadon na totuwar kara ne da aka soke da ɓawonsa. Marafan kwalba su ne kwanoni, gwangwanin tumatir tukunya, tsakuwa uku murhu. Mai ɗakin ce ake yi a ƙarshe, da guntun kara ko ƙashin ƙafar ragon Layya, a ɗaura mata zane, a yi mata kitso da zare. In ɗaki ya kammala sai biki: a gayyato ƙawaye, a tuƙa tuwon ƙasa, a rangaɗa guɗa, a kai amarya.

Rigima takan taso ne ranar da 'yar roba ta shigo gidan, irin wadda ake sayarwa a kasuwa, mai ido da gira da yatsu. Maigida ya dawo daga wa'azi inda ya ji cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da siffa, ya tarar da ita kwance a gadon kara. "Ke, fitar mini da gunkin nan." Uwar ta ce, "Haba Malam, wasan yara ne fa." Wani lokaci 'yar robar kaɗai ake jefarwa, wani lokaci har ɗakin ake bi da ƙafa. Kowannensu yana da abin da ya dogara da shi, kuma tambayar da ke tsakaninsu ta girmi su biyun: me ya raba abin wasa da abin bauta?

A wata ƙasar ana iya ɗaukar wannan tambaya a matsayin ƙaƙale. A Arewa ba haka ba ne, domin nan tsafi ba labarin littafi ba ne. A ƙarni na 19, lokacin da tutar Sakkwato ta mamaye akasarin ƙasar Hausa, Arawa da yawa sun haɗa kai da Kabawa sun ƙi miƙa wuya. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, kuma sarautar Sarauniya, kamar ta Baura a Bagaji, sarautar ƙasa ce da iskokinta. A yankin Lugu ɗin ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara ya raba gardama, ya nuna mai laifi. Musulunci bai game gidajen talakawan yankin ba sai a ƙarni na 20. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta fara zama a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi a 2001 wanda takensa ke nufin salla ta ɓata komai, kukan 'yan bori ke nan da suka ga duniyarsu tana ƙanƙancewa. A farkon shekarun 1990 kuma Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta iso garin da nata awon na abin da ya halatta a cikin gida. Saboda haka uban da ya zabura don ya ga siffa a ɗakinsa ba shashasha ba ne. Ta yiwu kakansa ya yanka wa Doguwa baƙar akuya, shi kuma yana gudun kada ƙafar 'yarsa ta koma inda aka fito.

Nassoshin da yake tsoro ma na gaskiya ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa za a ce wa masu yin siffofi ranar ƙiyama su busa rai ga abin da suka ƙera. Sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya ƙi wani labule mai hotuna da Nana A'isha ta rataya, har ta yanka shi ta yi matasai. Dalilin tsananin kuwa yana cikin bayanin da Ibn Abbas ya yi a kan gumaka biyar da aka ambata a Suratu Nuh, wato Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra: sunayen mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa, da zamani ya ja, masu sanin asalin suka mutu, sai aka koma bauta musu.

Sai dai a cikin gidan da aka yanka labulen nan, a ɗakin matar da ta yanka shi, akwai 'yan tsana. Nana A'isha da kanta ta ba da labarin cewa tana wasa da su a gidan Annabi (SAW) tare da ƙawayenta. In ya shigo sai ƙawayen su ɓuya don kunya, shi kuma ya turo mata su su ci gaba. Wannan ma Buhari da Muslim ne. Abu Dawuda ya kawo wani labarin da ya fi wannan armashi. Annabi (SAW) ya dawo daga yaƙi, mai ruwaya yana kokwanto ko Haibara ce ko Tabuka, iska ta ɗaga labulen ma'ajiyarta, 'yan tsanan suka bayyana. A tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya tambaye ta wane irin doki ne mai fukafukai, ta mayar masa da tambaya, ko bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba. Ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ce matan Madina kan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har a sha ruwa.

Malamai sun daɗe da lura da wannan karo, ba su kuma bi hanya ɗaya wajen warware shi ba. Wasu, irin su Ibn Baɗɗal, sun karkata ga cewa wasan A'isha ya faru ne kafin hani ya sauka. Wannan ra'ayi yana da rauni a bayyane, tunda Haibara a shekara ta 7 bayan hijira aka yi ta, Tabuka a ta 9, ƙarshen zamanin Madina ke nan. An kuma ruwaito cewa Imam Malik ya ƙyamaci mutum ya saya wa 'yarsa irin waɗannan siffofi. Amma Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi, ya yanke cewa 'yan tsanan yara an keɓe su daga hanin, ya ce wannan ne ra'ayin mafi yawan malamai, har sun halatta cinikinsu. A kan haka mazhabar Malik ta zauna. Duk almajirin da ya kai babin walima a sharhin Dardir a kan Muhtasar zai tarar da sharuɗɗan siffar da ta haramta: ta zama ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, sannan a cire 'yan tsanan yara mata daga ciki. In aka auna 'yar karan Arewa da wannan mudu, ba ta ma kai bakin awo ba, don ba hannu gare ta ba ƙafa. Ɗakin nata kuwa babu ko ƙura a kansa: Ibn Abbas ya ce wa wani mai zane, in ba makawa sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Akwai wani labari da Mawardi ya kawo a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, wanda ya kamata masu aikin hisba na yau su sani. A zamanin halifa Muƙtadir, wanda ya yi mulki daga 908 zuwa 932, an ba Abu Sa'id al-Isɗahri, babban malamin Shafi'iyya, hisbar Bagadaza. Ya rufe kasuwar da ake sayar da kayan haɗa abin maye, ya bar kasuwar 'yan tsana tana ci. Hujjarsa wasan A'isha.

Abin da zamani ya ƙaro shi ne roba da inji. Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya, wanda ya rasu a 2001 kuma masu wa'azin Izala ke yawan kafa hujja da shi, ya ce 'yar tsanar auduga ko tsumma marar cikakkiyar fuska babu shakka a halaccinta. Wadda aka ƙera ta fito sak da mutum kuwa ya nuna rashin natsuwa da ita, ya ga barinta ya fi, amma bai yanke cewa haramun ce ba. A 2021 hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna tallar tufafi a jikin mutum-mutumi mai kai. Daga irin wannan tunani ne dabarar da ta bazu ta fito: a goge fuska, a cire kai, a zauna lafiya.

Dabarar tana da tushe a fiƙihu, kuma wanda ya bi ta don tsantseni ba a ce ya yi laifi ba. Amma mutumin Arewa ya fi kowa sanin cewa ba a fuska matsalar take ba. Tunguma ba shi da ido, ba shi da hanci, ba wanda ya sassaƙa masa baki, duk da haka mutane sun yi tafiyar kwanaki don jin hukuncinsa. Iskokin ƙasar nan a duwatsu da kukoki da tsamiya aka san mazauninsu, ba a mutum-mutumi ba. In da rashin fuska ne ke tsare mutum daga shirka, da Arewa ba ta taɓa sanin tsafi ba. Haka nan ƙanƙantar abu ko kamarsa da gida ba su ne ke yanke hukunci ba. A 1920 masu tonon tarihi sun buɗe kabarin wani babban bafaden Masar mai suna Meketre kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan gine-gine na katako da suka shekara kusan 4,000: rumbu da masu awo, mahauta, gidan burodi, lambu da tafkinsa. Duk yaron da ya gan su zai so ya yi wasa da su. Amma ba don wasa aka yi su ba, an binne su ne da imanin cewa za su ci gaba da ciyar da mamacin a lahira. Siffa ɗaya ce da ta ɗakin 'yar tsana, abin da zuciya ke jira daga gare ta ne ya bambanta.

Nan ne gaɓar maganar. Mai bauta yana roƙon abin da ya ƙera, yana tsoronsa, yana ganin akwai wani iko a cikinsa da ya fi nasa. Yarinya kuwa ita ce mai iko. Ita ke sa wa 'yar tsana suna, ita ke mata magana ta kuma amsa a madadinta, ta yi mata wanka, ta dake ta in ta yi rashin ji. In aka kira ta talla ko ɗibar ruwa sai ta wurgar da ita a ƙasa, in ƙanenta ya karya ta a yi kuka na ɗan lokaci a nemo wani karan. Ba ta taɓa mance cewa kara ne. Masanin halayyar yara Lev Vigotski ya yi bayani a wata lacca a 1933 cewa lokacin da yaro ya hau sanda ya kira ta doki, yana koyon raba ma'ana da abin da ke ɗauke da ita ne; bai san dokin kara na yaran Hausa ba, amma shi yake siffantawa. Wannan rabewar ita ce ainihin abin da mai bautar gunki ya rasa. Saboda haka ana iya cewa, ba tare da wuce gona da iri ba, yaron da ya saba ƙera abu da hannunsa, ya raya shi da bakinsa, ya rushe shi da yamma, ya fi wanda aka hana shi taɓa komai sanin iyakar abin da hannu ya ƙera.

Akwai sauran magana a kan dalilin da Alƙali Iyal ya bayar na halaccin. Ya ce don a horar da 'yan mata tun suna ƙanana a kan sha'anin gida da renon 'ya'ya. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. A birnin Nurembag na Jamus, a 1631, wata mata mai suna Anna Köferlin ta gina ƙaramin gida da duk kayansa, tana nuna wa jama'a don 'yan mata su koyi tsarin gida. A Arewa ma duk wanda ya leƙa ɗakin 'yar tsana zai ga kayan ɗakin amarya ne aka ƙanƙanta: gado a ƙurya, jeren kwanoni a bango, labule a ƙofa. Masquelier ta rubuta a kan yadda waɗannan kaya, musamman gado, suka zama fagen ja-in-ja a Dogon Dutsi tsakanin masu wa'azin da ke ganin almubazzaranci ne da iyaye mata da ke ganin mutuncin 'yarsu da nasu ne ake jerawa a bango. Yarinyar da ke jera marafan kwalba ta riga ta ɗauki ɓangare a wannan gardama tun ba ta san ana yi ba.

To amma in horo ne kaɗai dalili, akwai abin dubawa. A ƙasar da wani bincike na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su cika 18, ba darasin zaman aure ne 'yan mata suka rasa ba. Yarinyar Arewa tana goyon ƙaninta na gaske tun tana shekara shida, tana surfe, tana ɗibar ruwa a rijiya. Ba ta bukatar kara ya koya mata goyo. Abin da ta fi ƙarancinsa shi ne lokacin da ba kowa ke aikenta ba. Kuma dalilin horo bai iya ɗaukar dokin A'isha. Wane aikin gida doki mai fukafukai ke koyarwa? Babu. Ƙirƙira ce zalla, yarinya ta ji labarin Annabi Sulaimanu ta ɗauki tsumma ta ɗinka abin da ba ta taɓa gani ba. Annabi (SAW) bai tambaye ta amfaninsa ba, bai ce ta cire masa kai ba, dariya ya yi. Hadisin Rubayyi'u ma bai ware mata ba, yara ya ce, wanda ya buɗe ƙofa ga shanun laka da motar kara ta 'yan maza. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi nesa da haka a cikin Ihya'u: ya ce in aka hana yaro wasa aka matsa masa da karatu kullum, zuciyarsa za ta mutu, basirarsa ta dushe, har ya shiga neman dabarar gudu. Wasa a wurinsa haƙƙi ne, ba sai ya zo da takardar shaidar amfani ba.

Ƙyamar da aka ruwaito daga Imam Malik kuwa, a lura, a kan saye take. Ko mene ne dalilinsa, zamani ya ba maganar wani nauyi. Gidan 'yar tsana da ya shahara a Turai, na Petronella Oortman da ke gidan tarihi na Amsterdam, matar attajiri ce ta tara shi a ƙarshen ƙarni na 17, an ce kuɗinsa ya kai na gidan gaske, kuma ba don wasan yara aka yi shi ba. Barbie da ta fito a Amurka a 1959 ta zo da jiki da gashi da salon rayuwar da ake so yarinya ta yi sha'awa (gidanta na farko, na 1962, shi ma na kwali ne, kafin roba ta karɓe). Saudiyya ta hana ta a 2003, shekarar da wani kamfanin Siriya ya fito da Fulla mai abaya da dardumar salla. An sauya tufafi, amma ciniki bai sauya ba: wani ne can ya gama tunanin, yarinya ta karɓa. Ɗakin laka da kara ba haka yake ba. Mai shi ce ta auna, ta ga rufi ya rufta ta sake dabara, ta yanke inda murhu zai zauna. In akwai abin zargi ga 'yar robar kasuwa, gama wa yarinya tunani da ake yi ya fi girar da aka zana mata ƙarfi.

Hukuncin dai a taƙaice ba shi da wuya. Ɗakin halal ne ba tare da saɓani ba. 'Yar kara da 'yar ƙashi da 'yar tsumma halal ne a mazhabar da ake bi a Dogon Dutsi da Tibiri, kuma halal ne a wurin malaman da Izala ke girmamawa. 'Yar roba mai cikakkiyar sura ce kaɗai ke da magana a kanta, kuma uban da ya zaɓi kada ta kwana a gidansa yana da magabata. Abin da ba shi da magabaci a kai shi ne kiran 'yarsa mai gunki ko take mata gini. Haɗarin da ya fi kusa da yaran ma ba na aƙida ba ne: bakin gwangwani mai kaifi, tsohuwar reza, da marfin kwalba a hannun ɗan shekara biyu da ke kai komai baki.

Roƙon yana wurin masu wa'azi, na masallatan Juma'a da na rediyo. Duk ranar da za a karanta wa jama'a hadisan siffofi, a karanta na 'yan tsanan A'isha a zama ɗaya, kada a bar iyaye su koma gida da rabin magana. Ba sai an yi dogon bincike ba: a cikin Sahihul Buhari hadisan siffofi suna ƙarshen Littafin Tufafi, hadisin 'yan tsana kuma yana cikin Littafin Ladabi, wanda ke biye da shi kai tsaye.